Jigilar ayon: Yadda ake kai-kawo da ƙwayoyin atam a cikin kwamfutar kwantam

A watan Nuwamban 2025 kamfanin Quantinuum, mai babban ɗakin bincike a garin Broomfield na Jihar Kolorado ta Amurka, ya ƙaddamar da wata kwamfuta mai suna Helios. Abin da kafafen labarai suka fi ɗauka shi ne yawan ƙwayoyin lissafinta, guda 98. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne yadda waɗannan ƙwayoyi suke zaune a cikinta. A kwamfutar ofis ko wayar hannu kowane sashe a kafe yake, saƙo ne kawai ke bin waya daga wannan zuwa wancan. A cikin Helios kuwa kowace ƙwayar lissafi atam ne guda ɗaya tak, yana shawagi a saman wani ɗan allo ba tare da ya taɓa shi ba, kuma duk lokacin da za a yi lissafi sai an ɗauko shi daga inda yake, an bi da shi ta wata hanya, an kai shi wurin abokin aikinsa. Wannan kai-kawo shi ake kira jigilar ayon. A yau shi ne ke cin mafi yawan lokacin irin wannan na'ura, kuma a kansa ne girmanta na gaba ya rataya.

Mene ne ayon?

Duk abin da ido ke gani, daga gishiri zuwa ƙarfen rodi, da ƙwayoyin atam aka gina shi. A tsakiyar atam akwai cibiya mai cajin lantarki irin na kan batir mai alamar tarawa, a kewaye da ita kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektron, masu cajin alamar ɗebewa. A yanayin da aka saba cajin biyu kan yi kunnen doki, sai atam ya zama ba ruwansa da wutar lantarki. Idan aka haska masa hasken leza aka fizge elektron ɗaya, sai ma'aunin ya rinjaya gefe guda. Atam ɗin da aka yi wa haka shi ne ayon. Tunda yana ɗauke da caji, ana iya riƙe shi, a ja shi, a tura shi daga nesa da ƙarfin lantarki kaɗai.

Kwamfutar da muka sani tana aiki ne da 0 da 1, kowane gurbi ko dai 0 ne ko 1. Ƙwayar lissafin kwamfutar kwantam, wadda ake kira kiyubit, tana iya zama cikin haɗakar biyun a lokaci guda, kowanne da nasa nauyin, kuma ana iya sarƙe kiyubit biyu ta yadda ba za a iya bayyana halin ɗaya ba sai tare da na ɗayan. Daga wannan sarƙewa ne ƙarfin na'urar ke fitowa. A jikin ayon ana zaɓar matakai biyu na ƙarfin cikinsa, a kira ɗaya 0, ɗayan 1, sannan a riƙa juya shi tsakaninsu da hasken leza ko igiyar maikurowef.

Fifikon ayon a wannan aiki shi ne ba masana'anta ce ta ƙera shi ba. Kowane ayon na sinadarin yitabiyam-171 daidai yake da ɗan'uwansa, babu na jabu, babu wanda ya fito da tabo. Kuma yana riƙe amana: a 2021 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta birnin Beijin sun ba da rahoton ayon guda da ya adana halinsa na kwantam sama da awa ɗaya, alhali irin kiyubit ɗin da IBM da Google ke ƙerawa a kan cip kan fara rasa nasa tun sakan ɗaya bai cika ba.

Sinadaran ba baƙin ƙasar nan ba ne. Yitabiyam, wanda aka raɗa wa suna daga ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin, ana samunsa a cikin ma'adinan monazait da zenotaim, irin waɗanda ke fitowa tare da kuza a Filato. Bariyam kuwa daga dutsen barait ake ciro shi, wanda ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa. Sai dai kada ɗan kasuwa ya fara lissafin riba tukuna, domin abin da na'ura ɗaya ke buƙata bai kai ƙurar da ke kan farce ba.

Tarkon da ba ya taɓa abin da ya kama

Tun a 1842 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Samuel Earnshaw, ya nuna cewa caji mai tsayawa cik ba zai iya tsare wani caji a sarari ba. Idan aka tare shi ta gabas da yamma, zai sulale ta kudu ko arewa. Siffar ƙarfin da ake samu kamar sirdin doki take, gaba da baya sun ɗaga, gefe da gefe sun gangara, duk ƙwallon da aka ɗora a kai sai ya mirgino ta gefe. Wolfgang Paul na Jami'ar Bonn ta Jamus shi ya samo dabara a shekarun 1950: a riƙa juya sirdin da sauri, ta yadda kafin ƙwallon ya gangaro, gangaren ya riga ya zama hawa. A aikace ana yin haka ne da wutar lantarki mai sauya fuska sau miliyoyi a kowane sakan. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 1989, tare da Hans Dehmelt da Norman Ramsey.

Tarkon zamani ɗan allo ne kamar cip ɗin katin cirar kuɗi, an shimfiɗa masa ƙananan fallayen ƙarfe da ake kira ilektirod. Cibiyar Ma'auni da Fasaha ta Amurka, wato NIST, ce ta fara gwada wannan shimfiɗaɗɗen samfuri a ɗakin bincikenta na garin Boulder a 2006. Ayon kan tsaya a saman allon da tazarar da ba ta wuce kaurin silin gashi ba, a cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa kusan ƙaf, a kuma sanyaya shi da hasken leza har motsinsa ya kusa tsayawa.

Ilektirod ɗin iri biyu ne, kuma fahimtar bambancinsu ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Dogaye guda biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa su ke ɗauke da wuta mai sauya fuska, su ne ke hana ayon kaucewa gefe ko sama, don haka su ne hanyar da zai bi. Gajeru masu yawa da ke jere a gefensu kuwa wuta tsayayya ake ba su, su ke haƙa wani ɗan kwari na lantarki a kan hanyar, mai kama da ƙwarya, inda ayon zai zauna. Idan aka rage wutar ilektirod na gaba aka ƙara ta na baya, sai ƙwaryar ta matsa gaba, ayon kuma ya bi ta.

Me ya sa sai an motsa su?

A 1995 Ignacio Cirac da Peter Zoller na Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya suka fito da tsarin farko na yin lissafi da ayon. A jera su a tarko ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Da yake cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna, don haka idan aka girgiza ɗaya duk jerin zai amsa, kuma ta wannan girgiza ce ayon ɗaya zai isar da saƙo ga wani. A shekarar dai ayarin David Wineland da Christopher Monroe na NIST suka gwada matakin lissafi na farko da ayon ɗin beriliyam guda.

Tsarin yana aiki da kyau idan jerin gajere ne. Da zarar ya yi tsawo sai hanyoyin girgizar su yi yawa, su cunkushe, raba su ya yi wuya, dole a rage saurin lissafi, hasken da aka nufi ayon ɗaya da shi kuma ya riƙa shafar maƙwabcinsa. Idan wata ƙwayar iska da ta yi saura a akwatin ta bugi ɗaya, duk jerin ne zai watse. Ana iya sarrafa 'yan gomomi a jeri guda, amma dubbai ba za su yiwu ba.

A kwamfutar da aka saba da ita maganin a bayyane yake, sai a kwafi bayanin a aika ta waya. A nan kuwa ƙofar a rufe take. Tun 1982 William Wootters da Wojciech Zurek suka tabbatar da cewa ba a iya kwafar halin kwantam da ba a san shi ba, idan kuma aka auna shi don a sani, haɗakar ta rushe. Tunda saƙon ba ya kwafuwa, sai a ɗauki mai saƙon ɗungurungum a kai shi.

Wannan shi ne tsarin da David Kielpinski da Monroe da Wineland suka wallafa a mujallar Nature a 2002. A raba allon zuwa shiyyoyi: ma'ajiya, inda ayon ke jira, da wuraren aiki, inda hasken leza yake, a haɗa su da hanyoyi da mararraba. A kowane lokaci biyu kawai ake kawowa wurin aiki, a gama da su, a mayar. Sun kira tsarin QCCD, suna aron sunan CCD, wato na'urar ɗaukar hoto ta kyamara da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a 1969, wadda ita ma tura caji take yi daga gurbi zuwa gurbi har ya kai bakin fita.

Wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda a zamanin da take cike da harka ba zai sha wuyar gane wannan ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura a 1929, nan kuma ya ƙare, nan ne gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Zurmi da Shinkafi ke haɗuwa kafin su nufi kudu. A tasha irin wannan tarago ba ya tsallake tarago. Idan wanda ake so a yi wa lodi yana tsakiyar jeri, sai an kwance, an ja na gabansa zuwa wani layi, an fito da shi, an kai shi bakin sito, sannan a sake ɗaurawa. Sau da yawa wannan ja-da-turawa ya fi lodin kansa cin lokaci. Haka lamarin yake a kan allon ayon, bambancin kawai shi ne taragan nan ba sa yarda su taɓa juna, kuma duk wanda aka jijjiga sai an jira ya natsu kafin a yi aiki da shi.

Tafiya, rabuwa, musanya da shan kwana

Tafiya a miƙe ita ce mafi sauƙi. A 2002 ayarin NIST suka kai ayon tazarar milimita 1.2 cikin maikurosakan 50 (maikurosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan), suka maimaita sama da sau miliyan ɗaya a jere bai ɓace ba, bayanin cikinsa kuma bai lalace ba. Idan aka lissafa, gudun ya kai kilomita 86 a awa, kwatankwacin motar haya a kan hanya mai kyau.

Abin lura shi ne bayanin da ke cikin ayon bai cika damuwa da tafiya ba. Ɗan sauyin da bambancin maganaɗisu ke jawo masa a hanya ana iya auna shi a gyara. Abin da tafiya ke ɓatawa shi ne natsuwarsa. Ayon a cikin ƙwaryarsa kamar yaro ne a kan lilo, idan aka fizgi ƙwaryar sai ya fara kai-komo, kuma wannan kai-komon shi masana ke kira zafi. Matakin lissafi tsakanin ayon biyu ta girgizarsu yake bi, don haka idan sun iso suna rawar da ba a tsara ba, sai kuskure ya shigo. Hanya mafi aminci ita ce a tashi a hankali, a tsaya a hankali. Amma akwai dabarar masu hanzari: a fizga da ƙarfi, a bar shi ya yi lilo a hanya, sannan a tsayar da ƙwaryar daidai lokacin da ya dawo tsakiya, ta yadda birkin zai shanye abin da tashin ya haifar. A 2012 aka gwada wannan a wurare biyu. A Boulder an yi maikuromita 370 cikin maikurosakan 8, a Jami'ar Mainz ta Jamus kuma maikuromita 280 cikin maikurosakan 3.6, wato wajen kilomita 280 a awa, kuma ayon ya isa kusan a natse. A shekarar ce Wineland ya karɓi kyautar Nobel tare da Serge Haroche na Faransa. Dabarar tana buƙatar wutar da aka daidaita ƙwarai. Idan aka kuskure lokacin tsayawa, sai sauri ya haifi nawa, domin lokacin da aka rage a hanya za a biya shi ninki a wurin sanyayawa.

Raba ayon biyu da ke ƙwarya ɗaya ya fi haka wuya. Ana faɗaɗa ƙwaryar ne, sannan a tayar da ɗan tudu a tsakiyarta har ta zama biyu. A tsakiyar wannan aiki akwai wani ɗan lokaci da ƙasan ƙwaryar ke zama kusan a shimfiɗe, riƙon ya yi sako-sako, kuma a nan ne ɗan ƙaramin cajin da ya maƙale a jikin allo zai iya tura su biyun gefe guda ko ya watsa su da ƙarfi. Haɗawa kuwa wannan aikin ne a juye. Musanya wuri ita ma akwai ta: a kan layi ɗaya ayon ba zai iya wuce ɗan'uwansa ba, sai a haɗa su a ƙwarya ɗaya, a juya ƙwaryar rabin zagaye, na gaba ya koma baya, sannan a raba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mararraba. Dogayen ilektirod da ke tsare ayon suna aiki sumul a kan miƙaƙƙiyar hanya, amma inda hanyoyi suka haɗu dole a yanke su, kuma yankan kan bar tudun ƙarfi a kowace mashiga, kamar tudun rage gudu a titi, tsakiyar mararrabar kuma riƙonta ya yi rauni. Yayin da ayon ke hawa wannan tudu, duk wata 'yar rawa da ke cikin wutar tarkon kan zame masa zafi. Ayon na farko da ya sha kwana ya yi hakan ne a 2006 a Jami'ar Mishigan, a mararraba mai siffar T, a gwajin da Winfried Hensinger ya yi a ɗakin binciken Monroe. Ya sha kwanar, amma ya fito da zafin da ba zai bari a yi lissafi da shi ba. Sai a 2009 ayarin NIST suka ratsa mararraba mai siffar X da ɗan zafi ƙalilan. Duk da haka an ɗauki shekara 16 daga nan kafin Quantinuum ya sanya mararraba a na'urar da yake ba abokan ciniki, wato Helios. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna bambancin abin da ya yiwu sau ɗaya a ɗakin bincike da abin da zai yi aiki kullum.

Ɗan rakiya mai shan zafi

Komai kyawun jigila, ayon kan iso da ɗan zafi. Ba za a iya sanyaya shi kai-tsaye da leza ba, domin hasken da ke sanyayawa yana goge bayanin da yake ɗauke da shi. Maganin da aka samo shi ne a haɗa kowane ayon mai bayani da ɗan rakiya daga wani sinadari dabam. Hasken sanyayawa launinsa ya dace da ɗan rakiyar ne kawai, mai bayanin ba ya jinsa, amma tunda suna ture juna, zafin wannan kan ratsa zuwa wancan, leza ta kwashe. A na'urorin H1 da H2 na Quantinuum yitabiyam ne mai bayani, bariyam ne ɗan rakiya. A Helios an juya lamarin, bariyam ya karɓi bayani, domin ana sarrafa shi da hasken da ido ke gani, wanda kayan aikinsa sun fi sauƙin samu kuma sun fi ƙarko.

Kuɗin wannan dabara shi ne yawan abin da ake jigila ya ƙaru, kuma sanyayawar tana da nata lokacin.

Inda lokaci ke tafiya

Kamfanin Honeywell ne ya fara haɗa dukkan waɗannan ayyuka a na'ura ɗaya mai aiki, ya wallafa sakamakon a 2021, shekarar da sashensa na kwantam ya haɗe da kamfanin Cambridge Quantum na Birtaniya aka samar da Quantinuum. Na'urar farko miƙaƙƙen layi ce. A 2023 aka fito da H2, wadda hanyarta zagayayya ce kamar filin sukuwa, da kiyubit 32, aka ƙara zuwa 56 a 2024. Alƙaluman da kamfanin ya wallafa da kansa game da H2 sun nuna cewa a yawancin gwaje-gwajen jigila ce ke cin kaso mafi tsoka na lokaci, sanyayawa na biye da ita, lissafin kansa kuwa kashi kaɗan ne cikin ɗari.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. A kan layi ɗaya, idan ana so a sake jera ayon yadda aka ga dama, sai ta musanya tsakanin maƙwabta, kuma yawan zagayen musanyar yana tafiya ne daidai da yawan ayon ɗin. Dubu goma a layi ɗaya za su iya buƙatar zagaye wajen dubu goma. Idan kuwa aka shimfiɗa su a tsarin unguwa mai tituna, ɗari a tsaye ɗari a kwance, 'yan ɗaruruwan zagaye sun wadatar. Shi ya sa duk wahalar mararraba ba a rabu da ita ba. A Helios an yi zobe na ajiya inda ayon ke zagayawa, a bakinsa mararraba ɗaya da ke zaɓar wanda zai fita, ta tura shi ɗaya daga layuka biyu da ke zuwa wurin aiki.

Sai matsalar wayoyi. A tsarin farko kowane ilektirod yana da tasa wayar da nasa injin daidaita wuta a wajen akwatin, kuma kowane ayon yana buƙatar ilektirod da dama. Na'ura mai ayon dubu za ta nemi wayoyin da akwatin ba zai ɗauka ba. A 2023 masu bincike na kamfanin Oxford Ionics suka wallafa tsarin da a lissafinsu zai sarrafa kiyubit 1,000 da injinan wuta wajen 200, ta hanyar sanya makunnai a jikin cip ɗin. A 2024 Quantinuum ya gwada makamancin haka a tarko mai tituna: ana aika wuta iri ɗaya ga kowa, kowane gurbi kuma yana da makunni guda da ke cewa ya yi musanya ko ya tsaya.

Me ake samu a madadin wannan jinkiri? Kowane kiyubit yana iya haɗuwa da kowane, komai nisansu, alhali a cip ɗin da kiyubit ke kafe sai da maƙwabcinsa kawai yake hulɗa. Sannan kuskure yana raguwa, tunda biyu kawai ke gaban haske a lokaci guda. Quantinuum ya ba da rahoton cewa a Helios matakin lissafi tsakanin kiyubit biyu yana fita daidai da kashi 99.9 cikin ɗari da ɗoriya. Wannan 'yancin haɗuwa yana rage yawan kiyubit da ake buƙata don gyaran kuskure. A Afrilun 2024 Microsoft da Quantinuum suka sanar da cewa sun haɗa kiyubit 30 na H2 suka samar da huɗu masu kariya, waɗanda a wani gwaji kuskurensu ya yi ƙasa da na asali har sau 800.

Sauran hanyoyi

Ba kowa ne ya ɗora dukkan kayansa a kan jigila ba. Kamfanin IonQ, wanda Monroe da Jungsang Kim suka kafa a 2015, ya daɗe yana aiki da jeri guda mai ɗan tsawo, kodayake a 2025 ya sayi Oxford Ionics a kan sama da dala biliyan ɗaya. Akwai kuma masu haɗa tarkuna da haske: kowane ayon ya fitar da ƙwayar haske, a haɗa su ta zaren gilashi, sai ayon biyun su sarƙe ba tare da sun motsa ba. A farkon 2025 Jami'ar Oxford ta gudanar da lissafi tsakanin tarkuna biyu masu tazarar wajen mita biyu ta wannan hanya, da ingancin kashi 86 cikin ɗari. Rauninta shi ne yawancin ƙwayoyin hasken ɓacewa suke yi a hanya, shi ya sa gwajin da jami'ar ta yi a 2020 ya tsaya a sarƙewa 182 a sakan.

A Jami'ar Sussex, inda Hensinger ya koma, an bi ɗayar hanyar har ƙarshenta. A 2023 ayarinsa da kamfanin Universal Quantum suka jera cip biyu baki da baki, suka riƙa tsallakar da ayon daga wannan zuwa wancan sau 2,424 a sakan, da nasarar kashi 99.999993 cikin ɗari. Manufarsu ita ce a riƙa shimfiɗa cip kamar tayil har su cika ɗaki. A 2024 kuma Jami'ar ETH ta Zurik a Suwizalan ta nuna ƙaramin tarko mai amfani da babban maganaɗisu a madadin wuta mai sauya fuska, wanda a cikinsa ayon ke tafiya ko'ina a saman allo ba sai ya bi layi ba, don haka babu mararraba sam. Da ayon ɗaya aka yi wannan gwaji, saboda haka akwai sauran tafiya.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci

Babu irin wannan na'ura a kasuwa don amfanin gida, ba kuma za ta maye gurbin kwamfutar ofis ba. Inda za ta taɓa mai shago a Kantin Kwari ko akawu a sakatariyar Gusau shi ne makullan sirri. Tura kuɗi ta waya, na'urar POS, da shiga rumbun bayanan BVN ko NIN, duk sun dogara da makullan lissafi irin su RSA da danginsa, waɗanda kwamfutar yau ba za ta iya fasawa ba ko da za ta shekara dubbai. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantam za ta iya. A 2019 an ƙiyasta cewa fasa makullin RSA mai lamba 2048 zai buƙaci kiyubit miliyan 20 da awa takwas. A Mayun 2025 Craig Gidney na Google, ɗaya daga cikin masu ƙiyasin farko, ya rage shi zuwa ƙasa da miliyan ɗaya cikin ƙasa da mako guda.

Tsakanin 98 da miliyan akwai nisa, kuma ƙiyasin an gina shi ne a kan na'urar da ke kammala zagayen duba kuskure a kowane maikurosakan, alhali na'urar ayon ta yau, saboda jigila da sanyayawa, ta fi haka nawa sau dubbai. Don haka idan aka ji sanarwar sabuwar na'ura, adadin kiyubit kaɗai ba ya wadatarwa. Ya kamata a tambayi yawan kuskurenta, a kuma tambayi tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta sake jera ayon ɗinta zagaye guda. A ganina wannan tambaya ta biyu ce kamfanoni suka fi son a tsallake.

Hukumomi dai ba su tsaya jira ba, saboda bayanan sirrin da aka sace yau ana iya ajiye su har ranar da na'urar fasawa za ta samu. Cibiyar NIST, wadda a ɗakinta na Boulder aka fara jigilar ayon, ita ce a watan Agustan 2024 ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na makullan da ake sa ran kwamfutar kwantam ba za ta iya fasawa ba, kuma a daftarin da ta fitar a Nuwamban shekarar ta ba da shawarar a fara janye tsofaffin daga 2030, a daina amfani da su gaba ɗaya a 2035. Bankuna da ma'aikatun Nijeriya suna amfani ne da manhajoji da katuna da na'urorin da aka gina bisa waɗannan ƙa'idoji na duniya, don haka sauyin zai iso su ta hannun masu sayar musu da kaya, kuma duk kwangilar tsarin bayanai da aka sanya wa hannu yau don ta yi shekara goma tana aiki za ta ci karo da waɗannan ranaku.